Ina Ƙarƙashin Tudu Lokacin da Malachy Ya Zo

Sunana Dervla, shekarata ashirin da bakwai. In labarin furanni da fita shan iska kuka zo ji, ku yi haƙuri, ba ni da shi. Namijin da ya fi zama a raina a bana ba ma mutum ba ne, a cikin littafi yake. Ku yi dariyarku, ni ma na sha yi wa kaina.

Ina zaman zamana a birnin Galway, ina aiki a shagon tabarau, ga ɗakina ga ƙawayena, sai Daddy ya yanke jiki ya faɗi a garken tumaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke sai ɗai-ɗai. Yayana yana Boston, can ƙasar waje, da mata da yara, ƙanwata tana jami'a. Ba wanda ya buɗe baki ya ce, "Dervla, ki dawo gida." Juyowa kawai suka yi suka zuba mini ido. Na haɗa kayana na dawo ƙauyenmu a yankin Mayo da sunan zan yi 'yan watanni. Kirsimeti biyu ke nan ina yi a nan.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a hanya, daga mu sai teku. Da safe in juya Daddy, in yi masa aski, in ba shi kunu a cokali. In zura takalmin roba in zaga tumaki cikin yayyafi. In dawo in tarar da mahaifiyata, Mam, a gaban murhu ta ƙure rediyo tana sauraron sunayen waɗanda suka mutu, tana gyaɗa kai in ta ji wanda ta sani. Sai shayi, sai wanki, sai shayi kuma. Akwai ranar da nake wuni ban faɗi wata magana da ta wuce "na'am" da "ga shi nan" ba.

Babbar ƙawata Nuala tana Perth, can ɗaya ɓangaren duniya. Wayata ba ta kamawa sai na hau sama na jingina da tagar ɗakina, kuma lokacin da nake gama aiki ita ta daɗe da yin barci. Sai in tarar da hotonta a bakin ruwa, fatarta ta yi ja, ta rubuta: "Ki taso ki zo, 'yar ƙauye, kafin ki fara kuka irin na tumaki." In tura mata fuskar dariya, in kife wayar.

A haka littafin ya same ni. Motar laburare takan tsaya a gaban coci ranar Alhamis. Matar da ke tuƙa ta ta kalle ni sama da ƙasa, ta zaro wani koren littafi mai kaurin bulo, an zana ƙayoyin azurfa a bangonsa.

"Ungo wannan," ta ce. "'Yan mata har faɗa suke a kansa. Ki dai tabbata kin sauke tukunya kafin ki buɗe."

Na ɗauka wasa take. Ranar na ƙona dankali ƙurmus.

Labarin wata yarinya ce, Liadan, 'yar masunci, da ta bi wata farar akuya cikin hazo ta tsinci kanta a ƙarƙashin tudu, a ƙasar mutanen ɓoye. Can ba a tsufa, ba a jin sanyi. Fitilunsu furanni ne, sarauniyarsu tana murmushi tana yanke wa mutum hukuncin da zai sa ya gwammace mutuwa. Sai Ruan, mai kiwon zuman sarauniya, dogo, gashinsa fari kamar gishiri, fuskarsa ta saurayi alhali ya girmi kakan kakanta. Mutanen ɓoyen littafin ba sa iya ƙarya. Saboda haka duk lokacin da Liadan ta yi masa tambayar da amsarta za ta jefa ta a haɗari, sai ya yi shiru, ya juya baya. Ni kuwa a nan inda nake sai in ji kamar in shiga in girgiza shi.

Kada ku ce kyawunsa ne ya kama ni. To, har da shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne a can komai yana da nauyi. In Liadan ta ɗaga ido, akwai wanda ya lura. In ta yi shiru, akwai wanda shirun ya hana sukuni. Ina buɗe shafi, warin magani da ƙarar rediyo sai su ja baya, in ji ƙamshin zuma da jiƙaƙƙen ganye. Ina karatu a tsaye ina juya miya. Ina karatu a mota a gaban kanti, madara na ɗumama a kujerar baya. In na rufe littafin na ɗago, sai kicin ɗinmu ya yi mini ƙanƙanta, ya yi duhu, kamar wani ya rage wutar fitila.

Ga Malachy kuma.

Gonarsu ce ke manne da tamu. Ya ba talatin baya, ƙato ne, kunnuwansa kan yi ja in mace ta yi masa magana. Tun da Daddy ya kwanta shi ke yi mana sausayar tumaki, shi ke gyara shinge, ba ya karɓar komai sai abincin Lahadi. Ya zo cikin rigarsa mai gida-gida, ya cire hula a bakin ƙofa, ya ci naman rago da kabeji, ya ba Daddy labarin farashin kasuwa, ya tafi. Saƙonninsa kuwa, bari in karanto muku:

"Ruwa zai sauko da yamma. A kwashe shanya."

"Na ga tunkiyarku a kan titi. Na mayar."

"An yi sanyi."

Shi ke nan fa. Na taɓa tura wa Nuala hotonsu, ta rubuto: "Wayyo zuciyata! Ki aure shi kafin hukumar yanayi ta ɗauke shi aiki."

Mam ba ta ga abin dariya ba. Wata Talata tana murza ƙullin burodi, ni ina gefen murhu da littafina, sai na ji ta buga kwano a tebur.

"Dervla, da ke nake."

"Na'am, Mam."

"Me na ce?"

Na rufe littafin da yatsana a ciki.

"Kin gani! Maryamu uwar Yesu, ina magana da bango. Mace baligi ta zauna tana soyayya da aljanu, ga namiji da ƙafafunsa biyu yana zarya a gidan nan kamar mai biyan bakance."

"Abinci yake zuwa ci, Mam."

"Uwarsa ba ta iya girki ba ne? Na fi ki sanin abin da ke kawo namiji gida da sabon aski. Shirme kawai, mutanen ɓoye!"

"Shirme ne? To me ya sa kika hana a sare ƙayar nan ta tsakiyar gona da ake cewa tasu ce? Shekara da shekaru tarakta na zagaye ta."

Ta ɗago da sauri ta yi alamar gicciye da hannu mai gari.

"Wannan daban. Kada ki ƙara ambatonsu da ƙofa a buɗe."

Daddy ya yi wani sauti daga kujerarsa, rabin bakinsa ya motsa. Dariya yake. Mam ta harare shi, ta share hannu a atamfar gabanta, ta sassauta murya.

"Na haɗu da uwar Malachy a kanti. Ta ce sau biyu yana zuwa babban birni Dublin a watan nan, bai faɗi abin da ya kai shi ba. Jiya kuma ya tsayar da ni a hanya, ya ce ranar Lahadi yana son magana da ke, ke kaɗai." Ta kafe ni da ido. "Namiji ba ya zuwa Dublin sayen maganin tsutsar tumaki, Dervla."

Na san abin da take nufi, zoben neman aure. Na mayar da idona kan shafi, na yi ta bin layi ɗaya ban fahimci ko kalma ba.

Ba ƙin Malachy nake ba, ku fahimce ni. Ba shi da abin ƙi. Abin da nake gani in na kalle shi ne ke ba ni tsoro: ni ce a wani kicin ɗin, gona ɗaya tsakani, da wani rediyon, har in tsufa. Saboda haka na yi abin da na saba, na koma ƙarƙashin tudu. Daidai lokacin sarauniya ta gano abin da ke tsakanin Ruan da Liadan, ta sa an ɗaure shi da sarƙar ƙarfe mai ƙona fatar irinsu. Wa ke da lokacin tunanin Lahadi?

Ranar Juma'a da rana na nemi littafin na rasa.

Na ɗaga matasan kujera, na leƙa ƙarƙashin gadon Daddy, na zazzage kwandon wanki. Har murhu na buɗe, ina duba ko zan ga ƙonannen bango a cikin toka. Na rantse muku hawaye ne suka cika mini ido, a kan littafin aro. Na fito tsakar gida ina ƙwala wa Mam kira, shiru. Sai na hangi ƙofar rumfa a buɗe, inda tsohuwar motar Daddy take ajiye tun da ya kwanta, tayoyinta sun sace, kaji na kwana a kanta.

Mam na ciki, a kujerar direba. Ta saka tabaran Daddy a kan hanci, littafina jingine da sitiyari. Ba ta ma ji zuwana ba sai da na ƙwanƙwasa gilashi. Ta zabura, ta tura shi ƙarƙashin rigar sanyinta kamar yarinyar da aka kama da alewa.

Na zagaya na buɗe ɗaya ƙofar na zauna. Motar na warin ƙura da tabar Daddy ta dā.

"Mam."

"Na ɗauka ne in ga abin da ke cinye mini 'ya," ta ce, tana kallon gaba. "Rashin kunya ne zalla. Wurin nan na bakin tafki, ko a gaban likita ban taɓa jin irinsa ba."

"Wurin tafki ai ya wuce tsakiya."

"To ba dole in ga iyakar rashin kunyar ba?"

Na fashe da dariya, ita ma ta ɗan yi, sai na lura idanunta sun yi ja. Ta zaro littafin a hankali ta ɗora a cinya tana shafa bangon da babban yatsa. Ruwa ya fara bugun kwanon rumfar.

"Akwai inda Ruan ya zaunar da Liadan," ta ce, "ya ce ta faɗa masa abin da ita take so. Ba abin da ubanta ke so ba, ba abin da ya dace ba. Ya zauna yana jira har ta gama. Mahaifinki mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma bai taɓa yi mini wannan tambayar ba. Ni ma ban taɓa yi masa ba. Yanzu ko na yi, da wane baki zai amsa?"

Ban taɓa jin Mam ta yi magana haka ba. Na rasa inda zan sa idona.

"Da me za ki ce masa, Mam?"

"Oho. Na manta." Ta cire tabaran ta goge da gefen riga. "Ki ji ni da kyau, 'yar nan. Irin wannan namijin na littafi babu shi. Wanda ake da shi shi ne mai fitowa cikin ruwa ya ɗaure miki ƙofar garke. Kina zaton gonarsu nake kwaɗayi? Tsoro nake ji. Mahaifinki zai tafi, ni ma in bi shi, 'yan'uwanki su zo jana'iza su koma, a bar ki ke ɗaya a gidan nan kina magana da shafuka."

"In na aure shi don tsoro fa?"

"Mutane sun yi aure don abin da bai kai wannan ba, sun kuma zauna lafiya." Ta miƙo mini littafin, sai ta fasa saki. "Za a kwance wa Ruan sarƙar?"

"Ban kai wurin ba."

"In kin kai, kada ki faɗa mini."

Da yamma na jingina da taga na rubuta wa Nuala duka. Amsarta ba ta zo ba sai washegari: "Kada ki yarda a rufe ki da ranki. Akwai ɗaki a gidanmu." Na karanta, na leƙa ƙasa na hangi Mam tana tura keken Daddy zuwa hasken rana, tana gyara masa bargo. Ban mayar wa Nuala da amsa ba.

Lahadi muna dawowa daga coci Mam ta shimfiɗa farin mayafin tebur da ba ya fitowa sai Kirsimeti. Ta fito da faranti masu bakin zinariya, ta ɗaura wa Daddy laktaye. Ni kuwa ta tsaya a kaina sai da na cire wandon da na saka, na zura shuɗiyar rigar da na saya a Galway ban taɓa sawa ba, mai ƙananan maɓallai har wuya. Ta kama mini gashi da abin gashinta na azurfa. Na kalli madubi, sai na ga wata da na taɓa sani.

Malachy ya zo cikin baƙar kwat da ta matse shi a kafaɗa. Ya yi turus a bakin ƙofa da ya gan ni, kunnuwan nan suka yi jawur. A tebur bai ci rabin abin da ya saba ba. Mam sai surutu take, tana ƙara masa dankali, tana taka mini ƙafa ta ƙarƙashi. Da aka kwashe faranti ya miƙe.

"Dervla, ko za ki raka ni bakin ƙofar gona?"

Na ɗora rigar ruwan Daddy a kan shuɗiyar rigata muka fita. Iska na kaɗowa daga teku. Duk tsawon hanyar ina haɗa maganar da zan faɗa: kai mutumin kirki ne, ka ba ni lokaci, ba laifinka ba ne. Muka isa, ya dafa ƙarfen ƙofar da hannu biyu yana kallon tumaki. Na saci kallon aljihunsa ko zan ga tudun ƙaramin akwati.

"Zan tafi New Zealand," ya ce.

Na ɗauka iska ce ta juya mini maganar. "Ina?"

"Ɗan kawuna yana da gonar tumaki a can, ya daɗe yana kirana. Takarduna sun fito, su ne suka yi ta kai ni Dublin. In an gama haihuwar tumaki zan wuce. Ƙanena zai riƙe gida, na kuma gaya masa ya riƙa duba naku shingen. Ko mahaifiyata ban faɗa wa ba tukuna. Ban so ki ji a bakin mutane."

"Amma Mam ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Duk garin nan abin da suke cewa ke nan." Ya murza hularsa. "Na so hakan, Dervla, ba zan ɓoye miki ba. Tun kina zuwa hutu daga Galway nake so. Ni ban iya magana ba. In na ɗauki waya in rubuta miki wani abu, sai in goge, in rubuta ruwa zai sauko."

Na juyo na kalle shi.

"Amma ina da ido," ya ci gaba. "Ranar nan na shigo kina karatu a gefen murhu. Kika ɗago, fuskarki na haske, ban taɓa ganinki haka ba. Sai kika ga ni ne, hasken ya mutu. Ban ji haushi ba. Na dai gane ba ni kike jira ba. Kuma ba zan so ki ce mini to don mahaifiyarki na tsaye a bayanki ba. Gara in tafi inda ba zan riƙa hango hayaƙin gidanku kullum ba."

Ai abin da nake so ke nan, ko ba haka ba? An buɗe mini hanya ba tare da na ɓata wa kowa ba. Ya kamata in ji sanyi a raina. To me ya sa ban ji ba, sai kama ƙarfen ƙofar da na yi? Na kalli hannunsa kusa da nawa, duk tsaguwa da tabon waya. Na tuna a duk faɗin duniya shi kaɗai ne ke turo mini saƙo a lokacin da ni ma idona biyu. Na yi ƙoƙarin hango wata Lahadi da kujerarsa babu kowa, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, irin wanda ban taɓa ji ba sai a shafin littafi. Wannan kuwa ba shi da bangon da zan rufe.

"Ba ka taɓa tambayata ba," na ce. Muryata ta fito siririya.

"Na ji tsoron amsar."

Sai muka ji ƙarar ƙofar gida. Muka waiwaya tare. Mam ce ta turo keken Daddy har bakin ƙofa, laktayensa ya karkace, ita kuma ta shafa jan-baki, abin da rabona da ganinsa tun bikin yayana. Tana riƙe da kwalbar giyar biki da ta daɗe da ɓoyewa a saman kabad, ta ɗaga ta sama, fuskarta fal murna.

"To?" ta ƙwala cikin iska. "Ku da shirunku! In buɗe, ko sai kun daskare a nan?"

Malachy ya rufe ido na ɗan lokaci. Ya saka hularsa, ya gyara kwat, ya ce a hankali, "Ki bari, ni zan faɗa mata. Ba sai ke kin sha wannan ba."

Ya ɗaga ƙafa zai nufi gida. Ban san lokacin da hannuna ya kai ga hannun rigarsa ba. Na damƙe shi da ƙarfi har sai da na ji ɗinkin ya yi ƙara.

"Tsaya," na ce.

Ya tsaya. Ya juyo ya zuba mini ido yana jira, Mam ma tana jira da kwalba a sama, ni kuwa wallahi ban san kalmar da za ta biyo baya ba, amma hannuna ya ƙi sakin rigarsa.